Ni Da Isa Na Kan Jinga Da Jar Fitila

Ba zan taɓa mantawa ba (ko na so mantawa ma Yaya Falmata ba za ta bari ba), abin da ya fara ɗaukar idona wani zane ne a jikin kwamfuta. Kowace murya ta shigo na'urarmu sai ta fito da zane mai hawa da sauka. Na yawancin masu bugo waya gidan rediyo kamar haƙoran zarto yake, don a zatonsu sai sun yi ihu za a ji su a Haɗeja. Ran nan sai ga wani zane kwance lumui, kamar kogi da rani. Na danna, na ji an ce, "Assalamu alaikum, Isa ne na kan jinga, daga yankin Guri."

Bari in faɗi aikin tukuna. Wata ƙungiya ce ta buɗe ɗan ofis a Haɗeja, ta kawo na'urar da ke sauraron gidajen rediyo da talabijin tana mayar da magana rubutu. Da damina mutanen fadama sukan riga kowa sanin inda ruwa ya kai, kuma a filin gaishe-gaishe suke faɗa, tsakanin gaida suruki da gaida mai shayi. Idan na'urar ta ji an ambaci ambaliya, ko jinga ta ɓalle, ko ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa, sai ta yanko wurin ta ajiye. Matsalarta ɗaya, Hausar mutanenmu ba ta zauna mata ba. Shi ya sa aka ɗauke mu, ni da Yaya Falmata. Mu sa abin ji a kunne, mu saurari abin da mutum ya faɗa, mu maimaita shi daki-daki a makirfon, ita kuma ta rubuta ta haɗa da muryar mai maganar. Da haka take koyo.

Babana bai so in yi aikin ba. Kawu Habu, ƙaninsa, shi ya tsaya min. Ya ce, "Yaya, sauraro ne kawai. Yarinyar da ba ta magana, me zai same ta?" Baba ya ce to, amma ranar da ya ji wata magana ta fito daga ofis ɗin, ranar zan dawo gida. Kawu ya ɗauki alkawari a bakinsa.

Gaskiyar Kawu, ba na magana. Abin da bai sani ba shi ne tun ina aji ɗaya a sakandare nake hayar littattafan soyayya a bakin kasuwa, ina ɓoye su cikin buhun shinkafa. A cikinsu na koyi cewa babu murya mai daɗi da take zuwa a banza.

Isa kullum sai ya bugo. Ƙauyensu babu sabis sai a kan jinga, don haka shi ne bakin gari. Zai faɗi inda ruwa ya kai, ya gaida bulama mai garinsu, ya gaida masunta, sannan ya rufe da, "Ina gaida ta Haɗeja, ta san kanta." Na san bai san da ni a duniya ba. Amma kuma duk Haɗeja wa ke sauraronsa kamar ni, da abin ji a kunne biyu? Kafin tsakiyar damina na riga na yi masa tsayi, na yi masa saje, na ba shi farin yadi da kwalekwale nasa na kansa. (Kwalekwalen har suna na sa masa. Wannan ba zan faɗa ba.)

Idan Yaya Falmata ta fita cin abinci, Injiniya shugabanmu ya tafi masallaci, sai in buɗe muryar Isa, in maimaita abin da ya faɗa yadda aka koya min, sannan in ba shi amsa. Da farko addu'a ce kawai. Daga baya littattafan suka karɓi bakina.

Ni a tunanina da muryarsa ta ƙare, ɗaukar ma ta ƙare. Ashe sai an kashe da hannu. Akwai wata jar fitila da ke nuna ana ɗauka, a jikin akwatin da ke ƙarƙashin tebur, daidai inda nake rataye jakata.

Da ruwa ya fara ja baya, Injiniya ya shirya taro don a nuna wa mutanen fadama amfanin na'urar. Aka gayyato bulamai daga Guri da Kirikasamma, da shugabannin masunta, da masu yawan bugo waya. Kawu Habu ya zo a matsayinsa na manomin shinkafa, ya zauna a layin gaba da babbar riga, yana nuna ni da haɓa yana ce wa na kusa da shi, "'Yata ce."

Na yi ta neman mai farin yadi ban gan shi ba. Da aka ce Isa ya miƙe, wani ɗan siriri ne ya tashi daga can gefe, da tawul a wuya, ɓawon gyaɗa na zubowa daga cinyarsa. Amma da ya yi sallama, muryar ce, ba ta rage komai ba.

Injiniya ya ce, "Tunda ga shi a nan, bari mu ji nasa. Za ku ji muryarsa, sannan ku ji yadda ma'aikaciyarmu ta gyara. Ban ma duba ba, don ita aikinta ba ya buƙatar dubawa."

Muryar Isa ta cika ɗakin: ruwa ya wuce tsamiyar makaranta, mutanen ƙasa da su su kwashe abin da za su iya. Sai tawa ta biyo, tsaf, kalma bayan kalma, rubutu yana fitowa a jikin bango da manyan baƙaƙe. Bulamai suka gyaɗa kai. Kawu ya gyara zaman hula.

Aka ɗan yi shiru a cikin lasifika. Sai aka ji an ja numfashi.

"Na san kaina, Isa. Allah ya tsare min kai a kan jingar nan. Ka daina tsayawa bakin ruwa, kada sanyi ya taɓa min muryar da nake kwana da ita nake tashi da ita."

Na'urar nan da ta shekara tana kasa rubuta kacala daidai, ranar ko wasali ɗaya ba ta ɓata ba. Injiniya ya kai hannu zai kashe, ya danna wani wurin, murya ta ƙaru. Aka ji ina tambayar Isa ko ya ci abinci. Aka ji ina gaya masa ba na tsoron zaman ƙauye, zan koyi gyaran kifi. Aka ji sunan kwalekwale.

Abin da na fi tunawa shi ne fanka, don ita na zuba wa ido. Tana da fiffike ɗaya da ya ɗan lanƙwashe.

Wani tsohon bulama mai nauyin ji ya karkato ya tambaya da ƙarfi, "Wannan ma duk a rediyo aka faɗa?"

Yaya Falmata, da ke raba ruwan leda, ta ce, "A'a Baba, wannan tasharmu ce ta cikin gida."

Ɗakin ya fashe. Isa bai yi dariya ba. Ya tsaya yana murza tawul, sannan ya ce, cikin ladabin da na gwammace a ce zagi ne, "Allah ya ba da haƙuri. Ta Haɗejan da nake gaisarwa mahaifiyata ce. Tana wajen yayata tana jinyar ƙafa. Kun san ba a kama sunan uwa a rediyo." Ya ƙara da cewa, "Amma na gode da addu'a."

Ni da Kawu muka hau Keke Napep ɗin komawa gida. Ni dai na riga na ga kaina a tsakar gida ina tsince shinkafa har abada. Da muka kusa kwanar gidanmu Kawu ya ce wa mai keken ya tsaya.

"Ke. Gyaran kifin, da gaske za ki koya?"

"A'a, Kawu."

"To madalla, don ko ƙwai ba ki iya soyawa ba." Ya kalli titi. "Ni na ce wa babanki ba kya magana. Idan na gaya masa wannan, ni ne maƙaryaci. Saboda haka ban ji komai ba, kunnena ya toshe tun da safe. Bulamai kuma ba su san gidanmu ba. Sauka."

Washegari na je ofis da niyyar kwashe kayana. Injiniya bai ɗago kai ba. Ya ce ba zai kore ni ba, don babu mai gyara ɓarnar sai wadda ta yi ta. Ashe na'urar ta ɗauki darasina da muhimmanci: duk lokacin da ta ji muryar Isa, ko farashin taki yake faɗa, sai ta ƙara masa "Allah ya tsare min kai" a ƙarshe. Sai da na bi duk abin da na taɓa ɗauka ina saurara ina gogewa, kuma ya ce a lasifika za a yi, don Yaya Falmata ta tabbatar. Ta tabbatar kuwa. Wasu wuraren har cewa take in maimaita, wai ba ta ji sosai ba.

Na ci gaba da aikin, Baba bai taɓa ji ba, jakata kuma a kan tebur take zama. Darasin da na samu bai taka kara ya karya ba: duk abin da aka ajiye don ya saurara, to saurara yake yi, ko da ke ce kika manta.

Isa kuwa, shekaru sun ja. Ruwa ya tashi ƙauyensu, suka koma kan tudu, inda sabis ke shiga har ɗaka, amma har yau sunansa na kan jinga. Ya yi aure, yana da 'ya'ya, yana kawo busasshen kifi Haɗeja. Mahaifiyarsa ta rasu, Allah ya jiƙanta. Yana bugo waya duk damina, sai dai ya sauya rufewa. Yanzu cewa yake, "Ina gaida na'urar Haɗeja da masu yi mata aiki, Allah ya tsare mana su."

Gaisuwar nan, tebur ɗina take zuwa. In maimaita ta daki-daki yadda ya faɗa, in kai hannu in kashe fitila.