Hoton Bakin Gada

Wataƙila na manta wani abu, amma haka nake tunawa. Na tarar da wani anasara yana ɗaukar masu kifi hoto a bakin gada, ko sallama babu. Na yi masa wa'azin ladabi da Faransancina na jami'a, na karɓi kamarar in nuna masa yadda ake yi. Na gaida wata Inna mai kifi, na nemi izini, ta yarda, na danna. Ashe shingen jami'an tsaro na jandarma na bayanta, inda aka hana hoto.

Jandarma ya riƙe wuyan rigata. "Malam, kai ma baƙo ne?"

Alhamdu lillahi, anasaran ya roƙa aka sake ni. Har yau in na wuce, Inna kan gyara kallabi ta ce, "Ɗana, na shirya." Wanda ya gani ya gyara mini, amma a asirce.