Kyautar da Na Kai Laburare

Ko tsufa ya sa na manta sunan matata, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai kyauta tsohuwar jami'armu ba.

Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗaliban sashen shari'a ce ta yi kira: rufin laburare na yoyo, ɗalibai goma na rububin littafi ɗaya. Wani ya ɗauki nauyin kwanon rufi. Fusena 'yar Yendi, 'yar ajinmu da ta zama alƙaliya, ta sayi fankoki. Ni kuwa, babban loyan 'yan shanun Bawku (ni na naɗa kaina), na ce zan ba da littattafai daga taskata, amma a ware kanta guda a rubuta sunana.

Taskar nan kwali ɗaya ne, yana ƙarƙashin gadon yayata a Salaga tun da na gama karatu. Aka ɗoro mini shi a mota. Ban ko buɗe ba, na naɗe shi da takarda mai ƙyalli.

Ranar taro na zuba fugu, rigar saƙi mai nauyin buhun masara, na yi jawabi kan riƙon amana har wani ɗalibi ya share ƙwalla (ko gumi ne, oho). Sannan aka miƙa kwalin ga Baba Isaka, mai kula da laburare tun zamaninmu.

Ya buɗe littafin farko. Ya buɗe na biyu. A na uku ya gyara tabarau.

"Loya," in ji shi, lasifika a bakinsa, "wannan ai hatiminmu ne."

Duka littattafan tara na laburaren ne! Aro na yi, na mako biyu, shekara ashirin da suka wuce.

"Har rantsuwa ka yi mini cewa ka dawo da su," ya ƙara.

Fusena ta leƙo daga layin gaba. "Wanda ake tuhuma, ka amsa laifi ko Baba ya ci gaba da ba da shaida?"

Wallahi gumin da na yi ya isa shayar da garke guda. Na ce, "Ranki ya daɗe, na amsa."

Daga baya na sayo sababbin littattafai, na aika ba jawabi. Sunana kuma an rubuta shi, Baba Isaka bai hana ni ba: a kantar bakin ƙofa, inda masu makara ke ajiye littafin aro.

Yanzu in zan yi kyauta, kwali nake fara buɗewa kafin baki.