Ranar da Aka Yi Mini Wanka Tare da Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wani rani ba, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyukanmu na Kura. Ina da ɗan kemis a bakin hanyar Kadawa, kuma kaina ya kumbura ba kaɗan ba. Izinina na sayar da maganin ciwon kai ne da na tari, amma ni allura nake yi, ruwa nake ɗaurawa, har abin sauraren ƙirji na saya na rataya a wuya (ban san me ake saurara da shi ba, amma wallahi yana yi mini kyau). Manoma na ce mini Dokta, ni kuma ina amsawa ba kunya.

Shekarun ne hukuma ta tasa masu kemis a gaba: a daina allura, a daina sayo jabu a kasuwa, a daina ba da maganin da sai likita ya rubuta. Mu kuwa duk haushinmu a kan masana magunguna yake, wato famasis. Guda ɗaya ce tak a asibitin yankinmu, Madam Rifkatu, 'yar Filato, doguwa, ba ta son wargi. A taron masu kemis ni ne uban baki. Na sha miƙewa in ce, "Da me famasis ya fi mu? Ka ƙare ƙuruciyarka a jami'a don ka ƙirga ƙwaya ka zuba a leda!" Sai a yi ta tafa mini.

Ran nan da hantsi sai ga mutane sun ɗauko Baba Sale, mahaifin matata, ranga-ranga. Auren namu ko shekara bai yi ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ko gabansa ban taɓa wucewa da takalmi ba. Feshin tumatir yake yi tun safe, ashe tankin da ya goya yana yoyo, maganin ƙwarin ya jiƙa masa riga sharkaf. Yawu na dalala, zufa na zuba, ƙirjinsa na ƙara kamar tukunyar tuwo ta tafasa.

Sai na yi abin da kowa ke yi a garinmu in an sha guba: na ɗura masa madara da manja. Ya ƙware, ya fara shiɗewa. Nan na tuna matata na gida ba ta san me ake ciki ba. Aka ɗaure mini shi a baya da rawani, wani ya tallafe shi, na tayar da babur sai asibiti.

Likita ba ya nan, ya shiga Kano. Madam Rifkatu ce ta fito daga ɗakin magani tare da wani nas. Ta sunsuna rigar Baba, ta buɗe idonsa, ta ce, "Me kuka ba shi?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Madara da manja, Madam. Taimakon gaggawa."

"Maiƙo ƙara shigar da gubar yake yi. Ta fata take shiga, ku cire masa kayan nan ku wanke shi da sabulu, maza!" Sai ta juyo ta dubi bayan rigata da ya jiƙe, ta leƙa idona. "Kai ma ka fara yawu. Tuɓe."

Na ce, "Haba Madam, surukina ne fa!"

Ta ce, "Malam, gubar ba ta san surukinka ba ne."

Haka aka jera mu a bakin famfo, Baba a kan gadon tura marasa lafiya, ni a tsugune kusa da shi, daga ni sai wani gajeren wando da ya sha jiki (akwai huji, kuma ba zan faɗi inda yake ba). Mai gadi na kwara mini ruwa yana dirza ni da sabulun wanki. Ana cikin haka sai ga Inna, surukata, da matan unguwa sun shigo da salati. Tana ganina ta ja mayafi ta rufe fuska. Wani manomi da na yi wa allura kwanan baya ya leƙo ta katanga ya ce, "Dokta, sannu da wanka." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Amma abin da na gani bayan nan ya mantar da ni wandon. An naɗe ni a zanin gado kusa da Baba. Madam Rifkatu ta kawo wasu 'yan ƙananan kwalaben allura, aturofin, makarin irin gubar nan, wadda ita ta dage sai an ajiye saboda ta san ƙasar feshi ce (ni ko sunanta ban taɓa ji ba). Waya a kunne tana magana da likita, hannu a kan jijiyar Baba, tana faɗa wa nas abin da zai zuƙa. A yi, ta saurari ƙirji, ta ce a ninka. A sake yi, ta ce a ƙara. Tsoro ya kama ni na ce, "Madam, ba ta yi yawa ba?"

Ba ta ko dube ni ba. "Ga mai lafiya ta yi yawa. Shi kuwa, sai ƙirjin nan ya bushe za mu tsaya."

Ina kallo ƙarar nan ta riƙa raguwa har ta ɗauke. Yawun ya tsaya. Mutumin da na gama saddaƙarwa ya tafi ya ja numfashi mai tsawo, ya buɗe ido ya ce, "La'ilaha illallahu." Allah ne mai rayawa, amma ranar na ga yadda yake saka ilimi a hannun bawansa. Na fashe da kuka a cikin zanin gado, ban damu da wanda ke kallo ba.

Da za a sallame mu na lallaɓa na ce ta rubuta mini sunan allurar in ajiye a shago. Ta ce, "Kul! Kai dai ka ajiye bokiti da sabulu, kuma kada baburinka ya rabu da mai."

Baba ya yi shekaru yana noman tumatirinsa, bai taɓa tayar mini da zancen ba. Darasin da na koya kuwa, duk cikin kayan shagona babu abin da ya ceci rayuka irin bokitin nan. Sannan duk inda za ni, sai na duba lafiyar gajeren wandon da ke ƙarƙashin wandona kafin in fita.