Na Share wa Oga Dung Shaida

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba ba, ranar da tarbiyyar Inna ta kusa raba ni da aikin da na daɗe ina mafarki.

Lokacin na gama karatun kimiyyar sinadarai, na samu gurbin koyon aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje na binciken laifuka da ke kan hanyar Vom. Nan ake kawo abin da aka tsinto inda aka yi aika-aika, ko jini, ko gashi, ko zanen yatsa, a yi ta bin diddigi har a gano mai shi. Muna da ɗan yawa mu masu koyo, amma tun ranar farko aka gaya mana mutum biyu kaɗai za a riƙe. Ni kuwa na riga na cika unguwarmu Gada Biyu, a Jos, da baki. Har mai ƙosan bakin layinmu ta daina kiran sunana, sai dai ta ce, "'Yar sandan ciki, na nawa za a zuba?"

Malaminmu Oga Dung ne, tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya, dogo, mai tsadar dariya. Hausarsa irin ta Jos ce, wadda mace da namiji duk "kai" ne. Kullum karatunsa ɗaya: "In ka shiga wurin da aka yi laifi, hannu a aljihu. Ido ne zai fara aiki." Na haddace wannan magana tsaf, har ina kwaikwayon muryarsa ina ba ƙawata Nanret, wadda muke koyon tare, dariya. (Ku riƙe batun haddar nan, za ku ga amfanin da ta yi mini.)

Sai dai akwai wata haddar da ta riga ta Oga shiga kaina. A gidanmu Inna ba ta yarda a tsallake datti. Ko wa ya zubar, wanda ya fara gani shi ne mai kwashewa, in ka tsaya tambaya kuwa sai ka ji tsintsiya a gadon bayanka.

Ran Talata da za mu tashi, Oga ya ce gobe kowa ya zo da wuri ɗakin baya, akwai magana. Bai ƙara komai ba. Washegari na bi motar yayana, wanda ke zuwa wajejen Vom ɗauko kabeji ya kai kasuwar Farin Gada, don haka na riga kowa isa, ina ta kakkarwar sanyi. Na tura ƙofar ɗakin baya, na tarar a buɗe take.

Ɗakin kaca-kaca. Kujera a kife, takardu a warwatse, kofin gilashi a ƙasa. Ga wani jan abu ya ɗiɗɗiga tun daga teburi har bakin taga, ga sawun takalmi da laka, ga guntun goro an gatsa an yar. Ni da na yi makonni ana koya mini karanta irin wannan wuri, kun san abin da ya zo mini a rai? Na ce lallai masu gadi sun sha zoɓo jiya sun yi shagalinsu. Wato a cikin wannan ƙazanta babban mutum zai tsaya ya yi mana magana?

Ba zan ɓoye muku ba, har da neman suna. Na hango Oga yana tambaya wace mai hankali ce ta gyara ɗakin nan, ni kuma ina sunkuyar da kai ina cewa ai ba komai.

Na cire takalmina a bakin ƙofa kamar 'yar mutunci. Na samo tsintsiya da bokiti da tsumma. Na share, na tayar da kujera, na jera takardu, na jefa goro a kwandon shara na kai waje na juye. Jan abin nan ya yi taurin kai, na durƙusa na dirje shi ina mita cewa zoɓon bana ya cika kauri. Na wanke kofi na goge shi tas. Da hannuna ya fara tsagewa don sanyi sai na lafta basilin, sannan na ɗauki kofin na kife shi a bakin taga. Daga ƙarshe na zaro turaren tsinke daga jakata na kunna, na ja ƙofa, na koma waje na zauna ina jin daɗin kaina.

Da kowa ya hallara, Oga ya tsayar da mu a bakin ƙofar. Ranar ce na fara ganin haƙoransa.

"Yau jarrabawa," in ji shi. "Cikin ɗakin nan an yi sata, an yi faɗa. Jiya har magariba ina shirya shi. Jinin ma abatuwa na je da kaina na samo. Goro kuma ni na ciza, don ku auna haƙori. Wanda ya yi ƙoƙari yau, shi za a riƙe."

Ya tura ƙofa, ƙamshi ya tarye mu. Ɗaki fes, sai ka ce na amarya.

Oga ya shiga, ya fito, ya duba ƙofar ko ya yi ɓatan kai ne, ya sake shiga. Ya daɗe yana kallon inda jininsa yake a da. Ni dai ina can baya ina roƙon ƙasa ta tsage.

"To," ya ce a hankali. "Ɓarawo na farko ya tsira. Amma an yi sabon laifi, an ɓata shaida. Jarrabawa ta canza. Ku nemo mini wanda ya yi."

Ashe abokan karatuna sun iya aiki haka? Wani ya durƙusa ya gano sawun ƙafa ba takalmi inda ruwa ya bushe, ya ce mai laifin mace ce, kuma mai ladabi. Nanret ta shinshina iska ta ce turaren nan ba baƙo ba ne a hancinta, sannan ta kalle ni ta wutsiyar ido ta kau da kai. Ni kuwa, da yake duk ajin ba wanda ya kai ni iya ɗaukar zanen yatsa, Oga ya nuna mini kofi.

"Kai, zo ka ɗaga mana wannan."

Na sa safar hannu (yanzu na tuna da ita), na barbaɗa baƙar hoda, na bi da burushi a hankali. Sai ga babban yatsa ya fito raɗau, basilin ya yi aikinsa. Tun da nake ban taɓa samun zane mai kyan wannan ba. Ga kuma wani layi ya ratsa tsakiyarsa, tabon wuƙar da ta yanke ni ina yanka albasa da ƙaramar salla.

Burushi na hannuna. In na ɗan danna shi kaɗan, zanen ya dame, ba mai cewa da gangan ne. Na tuna mai ƙosai, na tuna Inna da ta gama gaya wa dangi 'yarta ta kusa zama ma'aikaciya. Wallahi na ji tsoro. Amma zanen ya yi kyau ƙwarai, hannuna ya ƙi. Na manna salatif na ɗago shi, na ɗora a farin kati, na miƙa wa Oga. Sannan na cire safar na ɗaga masa yatsana kusa da shi.

Ya dubi kati, ya dubi yatsa.

"Kai ne?"

"Ni ce, Oga."

"Jinina fa?"

"Na ɗauka zoɓo ne."

Nanret ce ta fara fashewa, sauran suka bi. Oga ya yi ta maza na ɗan lokaci, sannan ya zauna a kujerar da na tayar, ya yi dariya har yana share hawaye. Da ya nutsu ya ce, "Na yi shekaru ina bin masu ɓata shaida, ban taɓa ganin wanda ya sa turare ba." Ya sake ɗaga katin. "Na ga lokacin da hannunka ya tsaya. Share ɗaki wauta ne, ana gyara wauta. Amma mai dama shaida don ya ceci kansa, ba ya aiki da ni."

An riƙe ni, ni da Nanret. Hukuncina shi ne ni na je abatuwa na samo sabon jini, kuma har yau a wurin aiki ba mai kirana sai Madam Tsintsiya. Duk sababbin ɗalibai da labarina ake yi musu maraba.

Abin da na koya dai, tsafta cikon addini ce, amma a fara tambaya wa ya zubar. Kwanaki Inna ta leƙo ɗakina ta ga kaya a warwatse, ta fara salati. Na ce, "Inna, hannu a aljihu, wurin bincike ne." Ta ce to ta ji, ta ɗauko tsintsiya, ta fara binciken daga gadon bayana.