Yadda Gajeren Tsoho Zai Riƙe Irin Shukarsa

Rediyo ta ce likitoci sun gano gajere ya fi dogo saurin ruɗewa in ya tsufa. Ɗana Khalilu ya ji. Tun ranar yake so in miƙa masa irin geron da na ɓoye. A shekarar yunwa irin wannan, mai riƙe da iri shi ne maigida. In ya faɗa hannun yara, sai tukunya. Kai gajere ɗan'uwana, bi matakan nan. Ba mai karɓe maka gida.

1. Ƙara tsawo

Sayi doguwar hula a kasuwar Ɗambatta, ka cusa mata tsumma. Ko zufa na zuba kar ka cire. Mutanen yanzu daga saman hula suke auna hankali.

2. Zaɓi wurin tsayuwa

A gona, hau kunya, ka bar mai magana da kai a kwari. A sahu, guji Muntaka Dogo. Shi ma ya taɓa zuwa masallaci da takalmin matarsa, amma rediyo ba ta faɗa ba.

3. Daina kiran suna

Kowa "kai" ne. Wanda bai kira suna ba bai yi kuskure ba. In jika ya ce, "Baba, wane ne ni?" ka ce, "Kai ba ka sani ba, ni zan sani?"

4. In ruwan shuka ya sauka, wurin iri ya ɓace maka

Kar ka nuna. Taɓa ƙasa, ka ce ba ta jiƙa ba. Yaro zai ce, "Baba, maƙwabta duk sun shuka." Ka ce masu gaggawa ne. Sannan ka tone bayan katangar gida, ka ce gara kake bi.

5. Saurari mace, amma kar ta gane

Ina cikin tono matata Hure ta ce, "Malam, in buhun irin nan ne, ga shi can saman bangon ɗakinka. Da kaka ka taka turmi ka ɗora. Kowa a gidan nan yana ganinsa, kai kaɗai ne ba ka hangowa." Khalilu ya miƙa hannu ya sauke, ko ɗage bai yi ba. Na ce gwada su nake. Kai ma faɗi haka. Ranar muka shuka, ni ne a gaba.

Gargaɗi

Wanda hularsa ta faɗi a sujada, ko damina ta wuce shi, kar ya zo ƙofata. Ban san shi ba. In ma na san shi, "kai" zan ce masa.