Makomar Bulo

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tara maginan Gaya ba.

Lokacin sojoji sun karɓi mulki, an rufe gadar Benin, siminti ya zama sai mai rabo. Ni kuwa na dawo daga Yamai da digiri, da gilashin da ba na magani ba, da wani shafi a intanet da nake zuba ra'ayina, wato bulog (masu karanta shi ni ne da ƙanwata, ita ma don tausayi). Daraktan gidan matasa ya ce zai ba ni riƙon ɗakin ordinatar, wato kwamfuta, in har na yi lacca jama'a suka zo suka gamsu. Aikin nan nake nema ruwa a jallo, don na gaji da cin tuwon gidanmu ana kallona.

Na kira gidan rediyo da salula na ba da kominike, wato sanarwa: "Makomar bulog a duniyar gobe." Mai sanarwar ya karanta da Hausa, ya karanta da Dendi. Ban saurara ba, ina gaban madubi ina gwajin ɗaga hannu.

Ranar Asabar zaure ya cika maƙil, har daga Tanda an zo. Na ga ƙarti masu kaushin hannu da wandon da ƙura ta yi wa fari, na ce a raina, kai, ilimi ya shigo gari!

Na kama mikoro, abin magana. "Bulog ɗin gobe kyauta ne," na ce. "Kowa zai gina nasa da salularsa."

Aka kalli juna. Wani ya ɗaga hannu, ya kira ni da Mushe, wato malam da Faransanci. "Mushe, ba siminti?"

Na ɗauka barkwanci ne. "Ko cokali ɗaya!" na ce, har da kashe ido.

Aka ɗauki kabbara. Kaina ya ƙara girma. Na ce nan gaba bulog ba zai zauna shi kaɗai ba, zai haɗu da hoto da murya da shafukan zumunta, ka yi shi a Gaya a gan shi a Kwatano, ba ruwansa da rufe gada.

Sai wani dattijo ya miƙe. "Ɗana, da buga bulo na aurar da 'ya'yana. In kowa zai yi nasa kyauta, mu me za mu ci? Nuna mana shi, mu san abin da zai kashe mu."

Bulo. Na gini. Nan na gane harafin ƙarshe ya faɗi a hanyar rediyo. Maimakon in yi bayani, sai na juya musu ordinatar (har yau ban san dalili ba), ga shafin nawa, ga hotona da gilashi, na riƙe haɓa.

Dattijon ya leƙa, ya daɗe yana kallo. "Wannan ne? To alhamdulillahi. Ku tashi mu koma aiki, sana'armu na nan."

Suka fice suna dariya. Darakta ya zare makullin ɗakin ordinatar daga kan tebur ya sa a aljihu. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Har yau in na wuce inda ake gini sai an ƙwala mini kira: "Mushe, turo mana bulo ɗari ta salula!" Abin da na koya shi ne, in ka ga taro ya cika dominka, kafin ka buɗe baki ka tambayi na gaba abin da ya zo ji.