Bindigar Shugaba a Rana

Idan ana lissafin mazajen garinmu na Warrabinda, da Mervyn Tullock ake farawa, a huta, a sha ruwa, sannan a tuna da sauran. Shi ne shugaban kulob ɗinmu na harbin ƙaramar bindiga. Shi ya sayo kofin gasar shekara, shi ya sa aka zana sunansa a jikin kofin, kuma saboda tsabar kawaici bai taɓa cin sa ba. A garin nan kowa gutsure masa suna ake yi, har limamin coci, amma ka kuskura ka ce masa Merv ka ga yadda gashin baki yake miƙewa. A gabansa Shugaba muke ce masa. A bayansa kuwa Baban Ƙarfe.

Mervyn ya yi imani cewa duniya ta fara lalacewa ne ranar da aka ƙera bindiga mai gangar jikin roba. Tasa baƙin ƙarfe ce tun daga baki har gindi, ga nauyi kamar dutsen guga, kuma sunanta Sarauniya. Da ta iso daga kanti da ɗan marfin roba a mariƙinta, kwana ya yi bai runtsa ba, sai da ya sa aka ɓamɓare aka ƙera mata na ƙarfe. Ba ya taɓa ta sai da farar safar hannu, in ba lokacin harbi ba.

"Ƙarfe ba ya ƙarya," in ji shi duk Lahadi, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. "Ƙarfe ne ya shimfiɗa titin jirgin ƙasa, ƙarfe ne ya ci yaƙi. Roba me ta taɓa yi wa ɗan Adam? Bokiti. Wanda ya shigo filin nan da roba, bokitin wanki ya rataya a ƙugu."

Mu dai ladabi ba ya barin mu tuna masa cewa arzikinsa kaf daga sayar da tankunan tara ruwan sama ya same shi, kuma babu na ƙarfe ko ɗaya a cikinsu. Haƙoran da yake furta kalmar ƙarfe da su ma, na saman, likita ne ya zuba masa, kuma kowa ya san da abin da ake yin su.

A yi masa adalci, maganarsa ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Bindiga mai nauyi ba ta cika zillo a hannu ba in ta tashi, ta roba kuwa sai ka danne ta. Amma nauyin sai mai wuyan hannu. Raelene Petrakis ba ta da shi. Shekarun da ta yi tana tsintar ulu a rumfunan askin tumaki sun bar mata sanyin ƙashi, har murfin kwalba sai ta kai wa maƙwabta. Da 'yar bindigarta ta roba take harbi, ba ta ci ba ta zama ta ƙarshe, kuma tun rasuwar mijinta filin nan ne Lahadinta.

Sai Shugaba ya wayi gari da ƙudurin haramta roba a duk gasar kulob. Ya san abin da yake yi sarai. Wanda bai shiga gasa adadin da doka ta ce a shekara ba, 'yan sanda za su karɓe lasisinsa da bindigarsa, kuma kulob mafi kusa da mu tafiyar rabin yini ce a mota. Haramta roba a Warrabinda korar Raelene ce, sai dai an sa wa korar kwat da lakataye. Ni abin ya ƙona min rai, kuma ba ni kaɗai ba, amma rabin 'yan kulob a filin Mervyn suke kiwon dawakinsu, saboda haka kowa ya duƙar da kai yana nazarin takalminsa.

Raelene ce ta miƙe a taron. "Merv," ta ce, gashin baki ya miƙe, "inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Ga ranar kofi nan tafe. Ka bari bindigogin su yi magana mana, ka hutar da baki."

"Madalla!" Mervyn ya buga tebur. "Kowa ya shaida. In roba ɗaya tak ta hau saman Sarauniya ranar kofi, na janye ƙudurina, kuma ba za a sake jin kalmar bokiti a bakina ba. In ba ta hau ba, uwargida, sai ki nemi saƙa ki koya."

Abin haushin shi ne, ba wautar banza ya yi ba. Mervyn ba gwani ba ne, amma yana samun allon da ake auna wa harbi, kuma masu roba a kulob ɗinmu ba su cika yatsun hannu ba. Bayan Raelene, fitaccensu shi ne tsoho Con Vassallo, wanda ya haura tamanin, kuma tudun ƙasar da ke bayan allunan ya fi kowa sanin ɗanɗanon harsashinsa.

Sai kuma maganar atamfar girki, wato ƙyallen da mai girki ke ɗaurawa a gaba. Ko'ina a duniyar harbi, wanda bindiga ta suɓuce masa ta faɗi ƙasa ya fita daga gasar ranar, makinsa sifiri. Mervyn ya ga wannan bai isa ba. Bara, don ya wulaƙanta wani baƙon malamin makaranta, ya ƙara da cewa mai laifin zai ɗaura wata atamfar girki ruwan hoda mai hoton aku, ya gasa wa kowa naman sosej da albasa. Ranar ya yi dariya har sai da ya dafe haƙoransa.

Ranar kofi ta faɗo a tsakiyar Janairu, lokacin da zafi ya fi tsanani a ƙasarmu. Tun hantsi kwanon rumfa yake ƙara don zafi, tsuntsaye sun buɗe baki a kan waya, ƙudaje ma sun nemi inuwa. Kowa ya ajiye bindigarsa a teburin da ke ƙarƙashin rumfa. Amma Mervyn ya gayyato mai ɗaukar hoto daga jaridar mako, kuma ya lura baƙin ƙarfe ba ya sheƙi a inuwa. Ya sa aka ja masa tebur tsakiyar fili, ya shimfiɗa jan ƙyalle, ya sa farar safa ya kwantar da Sarauniya tana kallon sama.

Dougal, alƙalin fili, ya matso yana share gumi. "Shugaba, da ka mayar da ita inuwa. Ranar nan ba ta san shugaba ba."

"Dougal, ɗana, abin da aka haifa a cikin wuta ba ya tsoron rana. Je ka gaya wa masu bokiti su ɓoye nasu kada ya narke."

Daga nan ya shiga jawabin buɗe gasa. Ya faro daga maƙeran farko, ya bi ta kan kakansa da ya yi aikin gada, ya tsaya ya yi wa zamani ta'aziyya. Mai hoto ya ɗauka ta dama, ya ɗauka ta hagu, ya koma mota ya kunna sanyi. Ƙanƙarar cikin kula ta zama ruwa. Con Vassallo ya yi barci a kujera ya farka, ya tarar ana kan kakan. Duk wannan lokacin Sarauniya tana kwance tana shan rana.

A matsayinsa na shugaba, shi ne farkon harbi. Ya ɗauke ta da safa ya zura a kube, ya tako zuwa layi kamar mai karɓar faretin soja, ya cire safar yatsa bayan yatsa ya miƙa wa na kusa. Dougal ya ce ya loda ya shirya. Mervyn ya kai hannu ya damƙi mariƙin ƙarfen nan da ya biya aka ƙera masa.

Na ga fuskarsa, kuma har na mutu ba zan manta ba. Idanun suka fito, wuyan ya yi ja, gashin bakin ya rasa inda zai nufa. Ya loda da sauri irin wanda ba mu taɓa gani a wurinsa ba, ya jefa ta kube, ya ɓoye hannun a bayansa yana kaɗawa.

"Lafiya, Shugaba?" in ji Dougal. "In ta yi zafi, doka ta yarda ka koma baya ta huce. Wani ya fara."

Ga ƙofa a buɗe, sai dai ƙofar ta bi ta gaban Raelene, wadda ke zaune a inuwa da robarta a sanyaye, ta bi ta gaban mai hoto kuma. Girman kai rawanin tsiya.

"Zafi?" Muryar ta ɗan sirance. "Ɗumi ne na abu mai rai. Busa mana, yaro."

Na'urar ba da alamar fara harbi ta yi ƙara. Mervyn ya zaro, ya haɗa hannu biyu ya matse kamar yadda yake koya wa sababbi. Harbi na farko ya tayar da ƙura a gaban allo. Na biyu ya tafi gaida tudun Con. Kafin na uku sai muka ji shugaban kulob ɗinmu ya yi wata 'yar ƙara irin ta ɗan kwikwiyon da aka taka, ya buɗe hannu biyu, Sarauniya ta faɗi tim a cikin jar ƙasa.

"Tsaya!" Dougal ya daka tsawa. Allah ya taimaka ba ta tashi ba. Dougal ya sa tawul ya ɗauke ta, ya zare harsasan, sannan ya juyo da murya mai ladabi ƙwarai. "Ka fita, Shugaba. Ka san sauran, kai ka rubuta."

Raelene ta yi harbinta yadda ta saba, a hankali, tana cije leɓe saboda wuyan hannun, ta zo can tsakiya. Da ta sauke bindigar na ga ta juya baya tana goge ido da gefen hula. Amma wanda aka ɗaga sama ranar shi ne Con Vassallo. A duk yinin ya sami allo sau ɗaya, a gefe, kuma ana kyautata zaton allon maƙwabcinsa ya nufa. Maki ɗaya dai ya fi sifiri.

"Ni na kayar da Sarauniya?" yake ta tambaya, hannu a kunne. "To wallahi ban ma gan ta ba."

Da la'asar Baban Ƙarfe ya tsaya gaban murhu cikin atamfa ruwan hoda, akun yana dariya a kan tumbinsa, tafin hannunsa ya yi bororo. Mai hoto, wanda zafi ya kora cikin mota da safe, yanzu ya sami ƙarfi. Raelene ta zo da yankan burodinta ta tsaya a layi. A gefen murhun akwai awartakin juya nama guda biyu, ta ɗauko na ƙarfe zalla, wanda ya yini a rana, ta miƙa masa da ladabi.

"Ga naka, Merv. Ba ya ƙarya."

Mervyn ya dubi awartakin, ya dubi tafinsa, ya dubi layin mutanen da suka yi tsit suna jira. Sannan ya yi ƙasa da murya yadda yake fatan ita kaɗai za ta ji.

"Miƙo min mai mariƙin robar."